Sunan dabba da ƙidayar dabba: sharhi kan binciken namun daji a yankin soja na arewacin Adar

0. Gabatarwa

Daga Tawa in aka nufi arewa, da an wuce duwatsun Adar aka gangara kwarin Azawak, an shiga ƙasar da maganar tsaro ta sha gaban kowace magana. A watan Maris na 2017 gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a gundumomin Tiliya da Tasara, kuma a ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya. A irin wannan hali, hanyar da masana namun daji suka saba da ita, wato a shata layi a bi shi da mota ko da jirgin sama ana ƙirga abin da aka gani dama da hagu, ta zama abu mai wuya ƙwarai. Abin da ya fi sauƙin samuwa shi ne tambaya. A tambayi makiyayi, a tambayi maharbi, a tambayi direba ko sojan da ya dawo daga sintiri, sannan a rubuta amsa.

To, da zarar ƙidaya ta koma tambaya, harshe ya zama ma'auni. A wannan maƙala za mu yi sharhi kan abubuwa uku. Na farko, ra'ayin da ya yaɗu cewa filin soja mafaka ce ga namun daji. Na biyu, sunayen dabbobi da siffar tambayar da ake yi da Hausa. Na uku, littattafan da mai bincike zai dogara da su in yana son ya san abin da aka ce masa. Muna duban al'amarin ne da idon ilimin harsuna, amma illar kuskuren da za mu nuna kan dabba take faɗawa: irin da aka rubuta cewa yana nan alhali ya ƙare, ba wanda zai tashi nemansa, haka kuma wanda aka rubuta cewa ya ƙare alhali da saura, ba wanda zai tsare shi.

1. Mene ne "filin soja"?

Ra'ayin cewa dabbobi suna samun sararawa a filin soja yana da tushe. A Amurka, dokar Sikes ta 1960, wadda aka ƙarfafa a 1997, ta wajabta wa sansanonin soja masu daji da ruwa su tsara yadda za su kula da halittun da ke cikinsu, don haka ake ƙidayar tsuntsaye da tsirrai a wurin da ake atisayen harbi. A Faransa an sa wasu manyan sansanoni cikin jerin wuraren kariya na Turai da ake kira Natura 2000. A Ingila, tun 2004 aka fara mayar da babban tuje filin Salisbury, inda soja suke da makeken filin horo. Tsakanin Koriya biyu kuwa, zirin ƙasar da aka hana shiga tun 1953, mai tsawon wajen kilomita 250 da faɗin kilomita 4, ya koma daji.

Abin lura shi ne, duk waɗannan wurare suna da iyaka sananniya, da hukuma ɗaya mai alhakinsu, kuma an kange jama'a daga shiga yadda suka ga dama. Faransanci yana bambanta terrain militaire, wato filin da yake mallakar rundunar soja, da zone d'opérations, wato yankin da ake yaƙi ko sintiri a cikinsa. Hausar yau da kullum takan haɗe su, a ce "filin soja" ko "yankin soja". A jihar Tawa akwai iri biyun. Akwai barikoki na shiyyar tsaro ta 4 mai cibiya a Tawa, da cibiyar horar da zaratan soja da aka buɗe a Tiliya a 2021. Akwai kuma faɗin Azawak, wanda yake ƙasar kiwo ce tun kaka da kakanni, dokar 1961 ma da ta shata iyakar noma ta arewa ta bar shi ga makiyaya. Nan Buzaye da Fulani da Larabawa suke da rijiyoyinsu da makiyayarsu, kuma shigowar soja ba ta sa shinge ba. Saboda haka wanda ya ɗauko darasin Salisbury ya ɗora wa Tasara ya yi aron kalma ba tare da abin da take nufi ba.

Darasin da ya fi kusa da mu yana gabas, a Tarmit da Tin Tumma, gandun da aka kafa a 2012, a lokacin mai faɗin murabba'in kilomita 97,000. A 2010 an ƙiyasta cewa adaks wajen 200 suka rage a can. A watan Maris na 2016 masu ƙidaya suka bi yankin ta sama da ta ƙasa, uku kacal suka gani. Ƙungiyar kare halittu ta duniya (UICN) ta danganta wannan da aikin man fetur a yankin da kuma farautar da sojojin da ke gadin aikin suke yi. Haka nan jiminar Abzin ta kusa shafewa a shekarun tawayen da ya biyo bayan rikicin Cintabaradan na Mayu 1990. Ke nan a ƙasarmu bindiga da mota mai shiga rairayi ba su cika zama alheri ga dabba ba, ko a hannun wa suke.

Akwai wani abin da ya kamata masanin harshe ya tsaya a kansa. Aikin horarwa da sojojin Jamus suka yi wa zaratan sojan Nijar, wanda ya fara a Tawa a 2018, ya koma Tiliya, ya ƙare a ƙarshen 2022, sunansa Gazelle, wato barewa. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa kuma sunanta Mena, sunan babbar barewar nan mai farin ciki da jan wuya (Nanger dama), wadda ƴan ɗaruruwa kaɗai suka rage a dajin duniya baki ɗaya, na Nijar kuma sun takure a duwatsun Abzin da Tarmit. Suna yana iya bunƙasa a daidai lokacin da mai sunan yake ƙarewa. Wannan shi ne jigon abin da za mu tattauna a gaba.

2. Abin da aka ƙirga

Ƙidayar da ta fi tsari a jihar Tawa ta tsuntsayen ruwa ce. A shekarun 1990 Joost Brouwer da Wim Mullié, tare da ma'aikatan gandun daji, sun riƙa zagaya tabkunan ƙasar da sanyi suna ƙirga dinya da kirinjijiya da tsuntsayen da suke zuwa daga Turai. Sakamakon wannan aiki ya shiga littafin muhimman wuraren tsuntsaye na Afirka da ya fito a 2001, inda tabkin Ɗan Dutsi ya samu gurbi, kuma a 2005 aka sa Ɗan Dutsi da Tabalak cikin jerin yarjejeniyar Ramsar. Jean-Marc Thiollay shi ma ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun kusa ƙarewa a wajen gandun daji.

Waɗannan ayyuka ne masu daraja, kuma ƙarfinsu shi ne ido ya gani, hannu ya rubuta, ba tafinta a tsakani. Sai dai tabki wuri ne ƙayyadadde, Tabalak ma a bakin kwaltar Tawa zuwa Agadas yake. Barewa da tuje da kunkuru kuwa a warwatse suke cikin dajin da ba kwalta, inda a yau sai da izni da rakiya ake shiga. Su ne suka dogara da labarin baka, su ne kuma suka fi buƙatar a san halin da suke ciki.

3. Suna ɗaya, dabba da yawa

Takardar tambayoyi yawanci tana da jerin sunayen Latin, kusa da kowanne akwai na Faransanci, sannan a bar gurbi na "sunan gida". Wannan tsari ya ɗauka cewa kowane iri yana da suna ɗaya a Hausa, kowane suna kuma yana nufin iri ɗaya. Harshe ba haka yake rarraba halitta ba.

3.1. Barewa

Masana sun san iri uku a wannan yanki na Sahel: Gazella dorcas, ƙarama mai son rairayi; Eudorcas rufifrons, mai baƙin zane a kwiɓi, wadda ta fi kusa da ƙasar noma; da Nanger dama, wadda Turawan mulki suka laƙaba wa biche-Robert. A Hausar kasuwa, wadda ita ce take haɗa Ba'adare da Buzu da Bafillace a Abalak ko Cintabaradan, kalmar "barewa" tana iya ɗaukar dukansu. Tamajak kuwa ya raba su da tushe dabam-dabam: azankaɗ, edami, ener. Idan makiyayi ya ce ya ga azankaɗ, tafinta ya ce barewa, mai rubutu ya ce gazelle, to an zubar da bayanin da aka zo nema tun a matakin farko. A jerin UICN biyun farko suna cikin masu rauni, ta ukun kuwa tana bakin ƙarewa. Wanda ya cika gurbin Nanger dama da amsar da aka bayar kan dorcas ya rayar da dabba a takarda.

3.2. Tuje da ungulu

Haka "tuje" yake. A ƙarƙashinsa akwai Ardeotis arabs da Neotis nuba da Neotis denhami, kuma tuje ne manyan baƙi masu farauta da shaho suka daɗe suna bi a arewacin ƙasar. Ga ungulu ma, ko "angulu" kamar yadda ake faɗa a yamma, abin ya fi rikitarwa. Ta mahauta (Necrosyrtes monachus) da manyan biyu na daji (Gyps africanus da Gyps rueppelli) duk sun shiga matakin bakin ƙarewa a 2015. "Mikiya", wadda wasu suke nufin babbar ungulu da ita, a bakin wasu fassarar aigle ce. Mai tambaya da ya koyi Hausarsa a littafin Kano da mai amsa da ya tashi a Kaita za su iya amfani da kalma ɗaya, kowa da tsuntsun da ke ransa. Ana iya ƙara "yanyawa", da take haɗa ƙananan dilolin rairayi fiye da iri ɗaya, da "kura", wadda ba kowa ba ne yake raba ta da sayaki.

3.3. Sunan da ya rayu bayan dabba

Mariri (Oryx dammah) ya taɓa yin garke-garke a Azawak. Fari na shekarun 1970 da na 1984, da yawaitar rijiyoyin burtsatse da suka kai dabbobin gida inda da ba sa kaiwa, da farauta cikin mota, suka haɗu suka gama da shi. A 2000 UICN ta bayyana cewa ya ƙare a daji ko'ina. An mayar da shi Cadi daga 2016, har a 2023 aka sassauta matsayinsa. Amma kalmar tana nan a kirari da sunan gari da bakin tsofaffi. Haka jimina, wadda yaron da bai taɓa ganinta ba ya san ta a karin magana da tatsuniya. Tambayar "Ka san mariri?" tana auna sanin kalma ne kawai. Mai bincike da ya lissafa "i" ɗin da ya samu a matsayin shaidar dabba ya ƙirga ƙamus ɗin da ke kan mutane.

4. Siffar tambaya da siffar amsa

4.1. Karin sauti da tsawon wasali

Rubutun Hausa na yau da kullum, na Nijar da na Nijeriya, ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ga mai karanta labari wannan ba matsala ba ce, domin zance yana warware kansa. Ga takardar ƙidaya kuwa, inda jimla ɗaya take tsaye ita kaɗai cikin gurbi, matsala ce babba. A dubi wannan:

(1) Da akwai barewa a kwarin nan.

Jimlar tana da karatu uku. In "da" gajere ne mai karin ƙasa, ma'anar ita ce barewa tana nan yanzu. In dogo ne mai faɗuwar kari, ma'anar ita ce a zamanin baya akwai ta, yanzu babu. In kuma dogo ne mai karin ƙasa, sharaɗi ne da bai tabbata ba, sauran zancen yana tafe: da akwai, da mun gani. Kunne yana raba ukun nan take. Amma in wani ya rubuta a daji, wani dabam ya fassara a ofis a Yamai bayan wata biyu, "akwai" da "babu" sun zama abu ɗaya a takarda.

4.2. Lokaci

(2) a. Tana kiwo a nan.
b. Takan yi kiwo a nan.
c. Ta yi kiwo a nan.

Babu ɗaya daga cikin ukun da take ɗauke da kwanan wata. Hausa tana nuna yanayin aiki, ko ya kammala, ko yana gudana, ko sabo ne, lokacin kuma sai a ɗauko shi daga zance. Jimla ta (2c) tana iya nufin jiya, tana iya nufin kafin yunwar 1984. Tambayar da ta dace ita ce wadda take tilasta a ambaci lokaci da shaida: yaushe rabonka da ganinta, da idonka ko sawu ka gani, guda nawa, kafin wace damina.

4.3. "Ɓacewa" da "barazana"

Kalmar disparu akan fassara ta da "ta ɓace". Abin da ya ɓace a Hausa ana sa ran samunsa, kamar raƙumin da ya ɓace. Makiyayi da ya ce barewa ta ɓace sau da yawa yana nufin ta yi nisa, ta guje wa ƙarar mota. "Ta ƙare" ko "irinta ya yanke" su ne suke ɗauke da ma'anar da masana suke nufi. Game da espèce menacée kuwa, gidajen rediyo sun saba da "dabbobin da ke fuskantar barazana". Barazana a asali magana ce ko alama da mutum yake yi don ya tsorata wani. A kunnen wanda dila ya ɗauke wa ɗan akuya jiya, haɗa dabbar daji da barazana yana iya juya zancen, ya ɗauka ana tambayar dabbobin da suke yi masa ɓarna. Muna ganin "dabbobin da irinsu ya kusa ƙarewa" ya fi fita sarai.

4.4. Wa yake tambaya?

Dokar farauta da kare namun daji, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, ta hana taɓa adaks da mariri da mena da jimina, kuma masu tsaron dokar, ma'aikatan gandun daji, kaki suke sawa. A yankin dokar ta-ɓaci mai bincike yakan zo ne da rakiyar masu bindiga. Mutumin da aka tambaya inda barewa take a gaban irin wannan ayari yana da dalili biyu na cewa "babu": tsoron a zarge shi da farauta, da tsoron ya nuna wa mai bindiga nama. Wannan "babu" kariya ce, kuma duk Bahaushe ya san ta. Akwai kuma "akwai" ta ladabi, wadda ake ba baƙon da aka ga yana son ya ji haka. Rahoton da bai faɗi wanda ya yi tambaya, da harshen da aka yi ta, da waɗanda suke tsaye a wurin ba, ya ɓoye rabin abin da ake buƙata don a auna amsar.

5. Littattafan da ke hannu

Ƙamus ɗin Bargery (1934) har yanzu shi ne rumbu mafi girma na sunayen dabbobi da tsuntsaye, kuma yana nuna kalmomin Katsina da Sakkwato da Gobir. Amma daga Nijeriya aka tattara shi, fassararsa Ingilishi ce, kuma sunayen kimiyya da yawa sun canja tun lokacin. Na Abraham (1949) ya fi shi kula da karin sauti, sai dai Hausar Kano ce ginshiƙinsa. Binciken Anne Luxereau (1972) kan dabbobi a al'adar Hausawan Nijar shi ne ya fi kusa da abin da muke nema, domin ya tashi daga yadda masu harshen suke rarraba halitta, amma ƙasar noma ta kudu ya fi duba, kuma ya haura shekara 50. Ƙaramin ƙamus na Abdu Mijinguini (1987) ya yi wa makaranta da yaƙi da jahilci babban aiki, ba a kuma shirya shi don ya raba tuje da tuje ba. Littafin Bernard Caron kan Hausar Adar (1991) ya kafa mana nahawun karin, da "hw" a gurbin "f", da "sunka" a gurbin "suka", da kalmomin yankin cikin cikakken rubutun kari. Wanda zai yi tambaya a Adar ba shi da uzurin rashin saninsa, ko da yake manufarsa bayanin harshe ce. A ɓangaren makiyaya, ayyukan Francis Nicolas (1950) da Edmond Bernus (1981) sun adana yadda Azawak yake kafin fari da lokacinsa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana riƙe da gefe guda. Masanin harshe ya rubuta kalma daidai, ya bar dabbar cikin shakka. Masanin dabbobi ya tantance dabba, ya rubuta kalmar yadda kunnensa na Faransanci ya ji ta. Aibin na rabon aiki ne tsakanin sassan jami'a, ba na mutum ɗaya ba.

6. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawara huɗu. Ɗaya, a fara da hoto ko fata ko ƙaho, a bar mai amsa ya ba da suna da harshensa, maimakon a ba shi suna a nemi "i" ko "a'a". Biyu, a ɗauki amsa da na'urar ɗaukar murya, a rubuta ta da alamun kari da tsawon wasali kafin a fassara. Uku, kowace shaida ta zo da lokaci da wuri da irin ganin da aka yi. Huɗu, a raba mai tambaya da mai kaki, a kuma rubuta a rahoto yadda aka yi zaman. Sojan da yake sintiri shi ma shaida ne, domin yana taka inda wani ba ya takawa, kuma ƙaramin littafin hotuna mai sunaye da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Larabci zai amfane shi, ya kuma tuna masa abin da doka ta hana.

A 2018 an kwaso raƙuman dawa 8 daga Kure aka kai Gadabeji, gandun da aka kafa tun 1955 a ƙasar Dakwaro, maƙwabciyar Azawak. An iya yin haka ne domin an daɗe ana ƙirga na Kure ɗaya bayan ɗaya, daga 49 a 1996 har suka haura 600. Kariya tana bin bayan ƙidaya, ƙidaya kuma a arewacin Adar tana bin bayan harshe. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, tantance waɗannan sunaye ya zama aikin hukuma, kuma sassan harsuna na jami'o'inmu ne ya kamata su fara shi, tun maharba da makiyayan da suka ga mariri da idonsu suna raye.